Wanda Ya Yi Duniya Shi Ne Ya Sa Ƙafa a Cikinta

Marubutan Bishara huɗu, kowa da inda ya ɗauko zaren labarinsa. Markus bai tsaya wata-wata ba, buɗe littafin ke da wuya sai ga mu a bakin Kogin Urdun ana yi wa jama'a baftisma. Matiyu ya faro daga Ibrahim ya jero kakanni. Luka ya fara da tsohon firist Zakariya a cikin Haikali, da ya zo kan asalin Yesu kuwa sai da ya dangana da Adamu. Yohanna ya wuce su duka, ya koma can inda babu Adamu, babu kogi, babu ma safiya da maraice: "Tun fil azal akwai Kalma, Kalman nan kuwa tare da Allah yake, Kalman nan kuwa Allah ne." Daga nan ya ce dukkan abubuwa ta wurinsa aka yi su. Kafin ya cika ayoyi goma sha takwas ya ce Kalman nan ya zama mutum ya zauna a cikinmu, daga yalwarsa kuma muka karɓi alheri a kan alheri.

Akan karanta wannan wuri a sujadar Kirsimeti, yawanci da sauri, domin hankalin jama'a yana kan komin dabbobi da makiyaya. Amma a nan ne aka ɗaure abubuwa uku da igiya ɗaya: Kalma, da halitta, da alheri. Wanda ya bi tarihin ikkilisiya zai ga cewa manyan rigingimun koyarwa na ƙarnukan farko kusan duk daga yunƙurin kwance wannan ƙulli suka taso, kuma masu kwancewar ba wawaye ba ne, kowannensu yana da abin da yake ƙoƙarin karewa.

Yohanna da gangan ya fara da irin lafazin da littafin Farawa ya fara da shi. A can, aikin halitta magana ce kawai. Allah ya ce haske ya kasance, sai ya kasance. Malaman Yahudawa na dā sun ƙirga, suka ce da magana goma aka yi duniya. Mai Zabura ya maimaita a Zabura 33 cewa da maganar Ubangiji aka yi sammai, ya faɗa sai abu ya tabbata. Mu da muka tashi da jin haka ba ma ganin abin mamaki a ciki, sai an ajiye shi kusa da labaran maƙwabtan Isra'ila. A Babila, labarin da ake karantawa a bikin sabuwar shekara cewa yake yi Marduk ya yi yaƙi da Tiyamat, uwar ruwayen teku, ya kashe ta, ya tsaga gawarta biyu ya yi sama da ƙasa. Mutane kuma da jinin wani allahn da aka yanka aka kwaɓa su, don su ɗauke wa alloli wahalar aiki. Duniya a wannan labari ganimar yaƙi ce, ɗan Adam kuwa bawa ne da aka yi don biyan bukata. Farawa bai bar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Babu abokin karawa, babu kayan aikin da aka tarar a ajiye, babu gajiyar da ake neman mai ɗaukewa. Rana da wata, waɗanda al'ummai suke yi wa sujada, ko sunansu ba a kira ba, an ce da su manyan fitilu biyu, an ba su aiki.

Daga nan malaman ikkilisiya, tun wajen shekara ta 180 a bakin irin su Tiyofilus na Antakiya, suka fito da koyarwar cewa Allah ya yi kome daga babu. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin bayani kan ikon Allah, kuma haka ne. Sai dai akwai wani abu a ƙarƙashinsa da ya fi shafar mu. Wanda babu shi ba ya roƙo. Ba ya yin aikin da za a biya shi lada, ba shi da hali mai kyau da za a duba, ba wanda zai je ya yi masa kamun ƙafa. Idan an kira shi ya kasance, to kyauta ce tsantsa, tunda babu wani abu a wajensa da ya jawo ta. Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa Allah ba ya bukatar hidimar hannun mutum, shi ne yake ba kowa rai da numfashi da kome. Ya kuma tambayi Korantiyawa, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Ashe tun kafin a yi zancen zunubi da gafara, alheri ya riga ya fara aiki. Ruwan da Yesu ya ce Uba yana saukar wa masu adalci da marasa adalci, daga wannan taska yake fitowa.

Ɗaya daga cikin mutanen farko da suka yi ƙoƙarin raba wannan da Bishara shi ne Markiyon, attajiri mai jiragen ruwa daga Sinof a bakin Baƙin Teku. Ya zo Roma, ya koyar da cewa mahaliccin duniyar nan mai cike da sauro da ciwo da mutuwa wani allah ne daban, mai tsanani, Uban Yesu kuwa baƙo ne mai jinƙai da ya zo ya fisshe mu daga hannunsa. Ya yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya. Ikkilisiyar Roma ta raba gari da shi a shekara ta 144, ta kuma mayar masa da kuɗin da ya ba ta. Ireniyus, bishop na Liyon a ƙasar da yau ake kira Faransa, ya amsa wa masu irin wannan tunani da hujjar da na fi so saboda sauƙinta. Ya ce ku da kuke cin Jibin Ubangiji, gurasar nan daga ƙasa ta tsiro, inabin nan ruwan sama ya sha. In Yesu ba Ɗan mahaliccin alkama ba ne, da wane iko ya ɗauki kayan wani ya ce wannan jikina ne? Markiyon ya mutu tuntuni, amma ɗiyansa suna nan a duk inda mai bi yake ganin gona da kasuwa da aure da jikinsa a matsayin shara da ake jira a bari, addu'a kaɗai ce ta Allah.

Rigimar da ta fi girgiza ikkilisiya ta tashi ne a Masar, a birnin Iskandariya, wajen shekara ta 318. Ariyus dattijon ikkilisiya ne, mai tsantseni, mai iya wa'azi, kuma ya kamata a yi masa adalci: kaɗaitakar Allah yake karewa. A ganinsa, in aka ce Kalman ba shi da farko kamar yadda Uba ba shi da farko, an yi alloli biyu ke nan. Don haka ya ce Kalman shi ne farkon abin da Allah ya halitta, mafi ɗaukaka, wanda ta hannunsa aka yi sauran, amma dai halittacce ne, kuma akwai lokacin da babu shi. Ba da ka yake magana ba, yana da ayoyinsa. A Karin Magana 8:22 Hikima ta ce Ubangiji ya yi ta tun farkon ayyukansa. A Kolosiyawa an kira Almasihu ɗan fari gaban dukan halitta. Yesu da bakinsa ya ce Uba ya fi shi girma. Ariyus ya zuba koyarwarsa cikin waƙoƙi, har an ce matuƙan jirgi da masu niƙa suna rera su a bakin aiki. Duk wanda ya san yadda waƙar zumuntar mata take shiga gida ta zauna fiye da wa'azin fasto, ya san wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sarkin daular Roma Kustantin ya tara bishop-bishop a Nikiya a shekara ta 325, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya. A nan aka rubuta shaidar bangaskiyar da ta ce Ɗan "Allah ne daga Allah, haske daga haske, haifaffe ba halittacce ba," ainihinsa ɗaya da na Uba, kuma ta wurinsa aka yi dukkan abu. Taron bai kashe wutar ba. Sarakunan da suka biyo baya wasu sun karkata ga ɓangaren Ariyus, Atanasiyus kuwa, wanda ya halarci taron yana matashin dikon sannan ya zama bishop na Iskandariya a 328, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa kafin ya rasu a 373. Sai a taron Kustantiniya na 381 maganar ta zauna. Ra'ayin Ariyus bai ɓace ba duk da haka. Kabilun Got na Turai sun riƙe shi ɗaruruwan shekaru, a yau ma abin da Shaidun Jehobah suke koyarwa game da Yesu yana kusa da shi ƙwarai.

Me ya sa mutum zai yarda ya yi ta gudun hijira a kan wannan? Mai kallo daga nesa zai ce gardamar malamai ce. Atanasiyus ya ga cewa ceton kansa ne yake kan faifai. Hujjarsa ta farko daga Yohanna take: in dukkan abin da aka yi ta wurin Kalman aka yi shi, ba abin da aka yi ba tare da shi ba, to Kalman ba ya cikin jerin abubuwan da aka yi, in ba haka ba sai a ce shi ya yi kansa. Ta biyu, in akwai lokacin da babu Kalman, akwai lokacin da Allah yake ba magana ba hikima ke nan, kamar a ce akwai rana amma ba haskenta. Ta uku ita ce mai nauyi. Duk abin da aka kira daga babu, in an sake shi, babu zai koma. Mutum da ya juya wa Allah baya ya kama hanyar komawa inda ya fito, mutuwa kuwa ita ce alamar haka. Wani halittacce, kome girmansa, shi ma a rataye yake da igiyar da muke rataye da ita, ba shi da rai na kansa da zai ba wani. Wanda ya ba da rai da fari shi kaɗai zai iya sake bayarwa. Atanasiyus ya kawo misalin hoton mutum da aka zana a kan allo, datti ya ɓata shi. Mai zane ba ya jefar da allon, sai dai mai hoton ya dawo ya zauna a sake zana shi a kan allon nan dai. An yi mutum cikin kamannin Allah, kamannin ya dushe, sai ainihin surar Allah ya zo da kansa.

A nan ne zancen alheri ya shigo da ƙarfinsa. Mu Hausawa mun san bambancin wanda ya aiko yaro da goro da kuɗi ranar da aka yi maka rasuwa, da wanda ya taka ya zo ya zauna a kan tabarma tare da kai, shi ya sa muka ce zuwa da kai ya fi aike. In Ariyus ne mai gaskiya, Allah ya yi aike, aike mai daraja ƙwarai, amma shi yana can inda yake. In Yohanna ana ɗaukarsa yadda ya faɗa, wanda ya ji yunwa a jeji, ya gaji ya zauna a bakin rijiyar Samariya, ya yi kuka a kabarin Li'azaru, shi ne wanda ya ce haske ya kasance. Kyautar da mai kyautar abu ɗaya ne.

Mai karatu Musulmi, kuma yawancin masu jin Hausa Musulmi ne, zai ji wasu abubuwa a nan sun yi masa kama da na gida. Alkur'ani ya ce idan Allah ya nufi abu sai ya ce masa kasance, sai ya kasance. A Suratun Nisa'i aya ta 171 an kira Almasihu Isa ɗan Maryam manzon Allah da kalmarsa da ya jefa ga Maryam. Kamar ta tsaya a nan. Malaman tafsiri sun bayyana cewa an kira shi haka ne don da kalmar "kasance" aka yi shi ba tare da uba ba, Suratu Ali Imrana aya ta 59 kuma ta kwatanta shi da Adamu da aka yi daga turɓaya. Wato a Musulunci Isa abin da kalma ta haifar ne, a Kiristanci kuwa shi ne Kalman da yake haifarwa. Wannan saɓani ne na gaske, kuma ba a girmama kowa ta wurin shafe shi da man shanu. Tsofaffin malamai ba su shafe shi ba. Wajen shekara ta 781 Timoti na Ɗaya, shugaban Ikkilisiyar Gabas, ya zauna da Halifa Mahdi a Bagadaza kwana biyu suna wannan zance cikin mutunci, kowa ya tashi da addininsa. Abin lura shi ne, tambayar ko maganar Allah halitta ce ko ba halitta ba ta taso a cikin Musulunci ma, a kan Alkur'ani. Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai a shekara ta 833 su ce halitta ne, Imam Ahmad bin Hambal ya ƙi, ya sha ɗauri da bulala, daga baya ra'ayinsa ne ya tabbata a wurin Ahlus Sunna. Ba ina cewa mas'alolin biyu ɗaya ba ne. Ina cewa duk wanda ya yarda Allah ɗaya ne kuma yana magana, wata rana sai ya fuskanci tambayar yadda maganar take da mai ita.

Kuma tunda kalmar "Ɗa" ce take tayar da ƙura, a sani cewa babu ikkilisiyar da take koyar da cewa Allah ya yi aure ko ya haihu irin ta jiki. Kirista ma zai ce subhanalla da jin haka. Agustin, babban malamin ikkilisiya na dā, ya yi ƙoƙarin bayyana abin da ake nufi da cewa maganar da ke zuciyar mutum takan ɗauki murya ta fito ta shiga kunnen wani, amma ba ta bar zuciyar mai ita ba, ba ta kuma rikiɗe ta zama iska ba. Shi kansa ya san kwatancin bai kai ba. Ya dai nuna inda ake dosa.

Wannan Agustin ɗin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu, har ya rasu a 430. Ya faɗa da kansa cewa tun kafin ya tuba ya tarar a littattafan masanan falsafa mabiya Aflatun da abin da ya yi kama da farkon Yohanna, cewa akwai Kalma madawwami wanda ta wurinsa aka yi kome. Abin da bai tarar ba shi ne cewa Kalman ya zama mutum. Masu ilimi suna iya hango Allah mai tsara duniya, ba su taɓa zaton zai ƙasƙantar da kansa ba.

Shi ne kuma ya kara da Pelajiyus, kuma wannan rigima ta fi wuyar warwarewa, domin Pelajiyus zai sa hannu a kan kusan duk abin da na faɗa a sama game da halitta. Mutumin Birtaniya ne, mai gudun duniya, ya zo Roma ya ga masu kuɗi sun shiga ikkilisiya da sunan Kirista amma hali yana nan yadda yake. Da ya ji an karanta addu'ar Agustin mai cewa "Ba da abin da ka umarta, sa'an nan ka umarci abin da ka ga dama," sai ransa ya ɓaci, ya ga an ba malalata mafaka. Ya ce ai Allah ya riga ya yi alherinsa: ya ba ka hankali, ya ba ka 'yancin zaɓi, ya ba ka Shari'a, ya ba ka misalin Almasihu, ya gafarta maka na baya a baftisma. Saura naka. Allah ba zai umarci abin da ba za a iya ba. Kowane jariri a wurinsa yana zuwa duniya da tsabta irin ta Adamu kafin faɗuwa.

Magana ce mai shiga kunne, kuma in aka saurari wa'azi da yawa a majami'unmu ranar Lahadi, Pelajiyus ake ji da sunan Bulus: yi ƙoƙari, daina kaza, ƙara kaza, Allah zai karɓe ka. Agustin bai musa cewa halitta kyauta ce ba. Abin da ya ce shi ne kyautar ta ji rauni, raunin kuma a daidai wurin da Pelajiyus yake dogara da shi yake, wato a cikin son zuciya. Matsalar mashayi ba rashin sanin illar giya ba ce. Ya sani sarai, ya fi mai yi masa faɗa sani. Abin da yake so ne ya karkace, kuma mutum ba ya iya miƙe son ransa da son ransa. Bulus ya faɗi wannan a Romawa 7, cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Don haka ƙarin umarni ba ya warkarwa, sai an yi sabon aiki a ciki. Taron Kartaj na 418 ya bi bayan Agustin, taron Afisa na 431 ya tabbatar.

Abin da ya sa nake ganin Agustin ya fi kusa da Yohanna shi ne yadda Sabon Alkawari yake maganar ceto da harshen halitta. Bulus ya ce Allahn da ya ce haske ya haskaka daga cikin duhu shi ne ya haskaka zukatanmu. Ya ce duk wanda yake cikin Almasihu sabuwar halitta ne. A Romawa 4:17 ya haɗa biyun a numfashi ɗaya, Allah mai rayar da matattu, mai kiran abubuwan da babu su kamar suna nan. Afisawa 2, inda aka ce ta wurin alheri aka cece ku ba ta wurin ayyuka ba, nan take ta ƙara da cewa mu aikin hannunsa ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Yadda wanda babu shi bai taimaka aka yi shi ba, haka matacce ba ya taimakawa a tashe shi. Li'azaru bai yi rabin hanya ba kafin a kira shi. Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya taƙaita wannan a muhawarar Haidelbag ta 1518 da cewa ƙaunar Allah ba ta tarar da abin da ya gamshe ta, ita take halittarsa. Ayyukan kirki kuwa ba a kore su ba, an dai canza musu wuri, sun koma 'ya'yan itace maimakon kuɗin shiga.

Ba duk abin da Agustin ya faɗa zan haɗiye ba. Zafin gardama ya kai shi ga cewa jariran da suka mutu ba baftisma ba sa shiga mulkin Allah, ya kuma tsananta zancen ƙaddara har ya zama da wuya a gane yadda Allah yake son kowa ya tsira kamar yadda 1 Timoti 2:4 ta faɗa. Taron Oranj na 529 ya riƙe cewa alheri ne yake fara kome, har farkon bangaskiyar kanta, amma ya la'anci cewa Allah ya ƙaddara wa wani mugunta. Ikkilisiyoyin Gabas tun asali sun fi son maganar haɗin hannu tsakanin alherin Allah da amsawar mutum. Toma Akwinas, babban malamin Katolika, ya ce alheri ba ya rushe ɗabi'ar da aka halicci mutum da ita, kammala ta yake yi. Katolika da Lutaran, mabiyan Luta, sun yi kusan shekara ɗari biyar suna jifan juna a kan wannan kafin su sa hannu kan sanarwar haɗin gwiwa a Ogsbag ranar 31 ga Oktoba 1999, cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓarmu.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna wa'azin "shuka iri" da ya cika talabijin da filayen taro, inda ake gaya wa gwauruwa ta kawo abin da ya rage mata don Allah ya ninka mata sau ɗari. Baiko da zakka suna da wurinsu, godiya ce. Amma da zarar an ce ba da kaza ka sami kaza, an mai da Mahalicci abokin ciniki mai bukata, an koma Babila inda aka yi mutum don ya ciyar da alloli. Siman na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Ruhu, amsar Bitrus tana nan a Ayyukan Manzanni 8:20, ba ta kuwa da daɗin ji.

Akwai aya ɗaya a wannan gabatarwa ta Yohanna da har yanzu malaman Afirka ba su gama da ita ba, aya ta tara, mai cewa Kalman shi ne haske na gaskiya mai haskaka kowane mutum. Kowane mutum, har kakanninmu da suka mutu ba su taɓa ganin ɗan mishan ba? Jastin Shahidi, wanda aka kashe a Roma wajen 165, ya ce duk gaskiyar da wani ya taɓa faɗa, ko Sukurat masanin Girka ne, daga irin da Kalman ya warwatsa ta fito. Kwame Bediako na Gana ya bi wannan sawu, ya ce Allah bai iso Afirka a jirgin ruwa ba, Bishara ta tarar da mutanen da suka riga suka san sunan Mahalicci. Byang Kato, ɗan ƙasar Jaba a kudancin Kaduna, malamin ECWA wanda ya rasu a 1975 yana da shekara 39, ya ja kunne da ƙarfi cewa sanin akwai Mahalicci daban, samun ceto daban, kuma wanda ya haɗa su zai wayi gari ba shi da dalilin yin bishara.

Ina ganin Yohanna ya ba kowannensu rabin abin da yake nema, ya hana shi rabin. Aya ta tara ta hana Kirista kallon maƙwabcinsa, Musulmi ne ko Bamaguje, kamar wanda Allah bai taɓa shi ba. Ta wurin Kalman aka yi shi, numfashinsa daga can yake, gaskiyar da yake faɗa da amanar da yake riƙewa ba daga Shaiɗan suka zo ba. A ƙasar da aka sha zubar da jini da sunan addini, daga Kafanchan a 1987 zuwa Kaduna a 2000 da Jos a 2001, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Amma aya ta goma tana biye: yana cikin duniya, ta wurinsa aka yi duniya, duniya kuwa ba ta san shi ba. Ta goma sha ɗaya ta fi zafi, domin ta ce ya zo wurin nasa, nasa ba su karɓe shi ba, kuma waɗannan su ne masu Littafi da Haikali da firistoci. Kato yana da gaskiya cewa hasken halitta bai isa ba. Abin da masu ɗaukar maganarsa sukan manta shi ne, a bakin Yohanna waɗanda suka fi kusa da addinin gaskiya ne suka fara ƙin Kalman, don haka mai katin baftisma da kujera a majalisar dattawa ba shi da hurumin karanta aya ta goma sha ɗaya yana nuna wani da yatsa.